Taki Ba Ya Lalacewa, Ruɓewa Yake Yi

Akwai wani fi'ili na Turanci da ya daɗe yana yi wa masu fassara shigo-shigo ba zurfi, wato "break down". Duk shekara, idan na rubuta shi a allo na nemi ɗalibaina su ba ni Hausarsa, kusan baki ɗaya suke cewa "lalacewa". Ba ƙarya suka yi ba, sai dai reshe ɗaya suka kama suka bar bishiya. Bature yana faɗar wannan kalma idan mota ta tsaya masa a hanya. Ita yake faɗa idan sulhu ya wargaje, ko an ɓalle ƙofa, ko mutum ya fashe da kuka, ko an fayyace lissafi dalla-dalla. Ita kuma yake faɗa idan kashin dabbobi ya narke ya koma ƙasa. Mahallin zance ne kawai ke raba gardama.

Hausa ba ta yarda da wannan cakuda ba. Sanda ake karyawa, tulu ake fasawa, katanga ake rusawa. Kuma da wasalin ƙarshe ya sauya, sai sanda ta karye, tulu ya fashe, katanga ta rushe. Irin wannan sauyi ne F. W. Parsons ya tsara zuwa aji bakwai a 1960. Inji kuwa, Bahaushe ya yi masa gata na musamman. Idan injin ban-ruwa ya tsaya a fadamar Tomas, mai shi cewa yake ya mutu, ya aika a kira bakanike ya tayar da shi. Mutuwar inji tana da magani. Ranar da ka ji ya ce ya lalace, to, ya fara tunanin 'yan gwangwan.

Abin da ya sa na ɗauko zancen ba nahawu ba ne. Ni ɗan karkarar arewacin Kano ne, tsakanin Bichi da Dambatta, inda gona ke manne da gona, kuma ba a san a bar ƙasa ta huta ba. Tun shekarun 1960 Michael Mortimore ya yi nazarin yadda karkarar da ke kewaye da Kano take ciyar da ɗimbin jama'a, ana noma gero da dawa da wake da gyaɗa a fili ɗaya shekara da shekaru. Babban sirrin shi ne taki. Da rani ake kwashe na turke da na bola, a da har daga cikin birni a mangalar jaki, a jibge shi tsibi-tsibi a gona kafin saukar ruwa. Kowane manomi ya san ɗanyen taki yana ƙone shuka. Sai gara da ƙananan halittun ƙasa da danshi sun yi aikinsu sannan ya zama abincin amfanin gona.

A wani taron manoma da na halarta, wani matashin malamin gona, riƙe da takardarsa ta Turanci, ya shawarci jama'a da su bar taki "ya lalace" kafin su baza shi. Wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Yaro, in ya lalace me za mu yi da shi? Ko ruɓewa kake nufi?" Aka yi dariya, aka wuce. Dattijon ya fi takardar sanin taki, don haka ba a yi asarar komai ba.

Inda abin ke ba ni tsoro shi ne maganin ƙwari, domin a nan manomi ba shi da gadon sani da zai gyara wa mai fassara. Bayanin da ke jikin kwalba yakan ce a jira kwana kaza bayan feshi kafin girbi, saboda sinadarin ya warware, gubarsa ta ragu. Kalmar nan dai ita ake amfani da ita wajen bayyana hakan. Ka ce wa mai lambun tumatir "maganin yana lalacewa bayan kwana bakwai", me zai ji? Zai ji cewa kuɗinsa na shirin tafiya a banza, ya kamata ya ƙara feshi ko ya yi maza ya tsinke kayansa. An juya gargaɗin lafiya ya koma akasinsa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin nan na fiya-fiya da aka samu a cikinsa. Ban ce fassara ce ta jawo ba. Akwai son riba da rashin sa ido. Amma waken da Turai ta ƙi, mu ne muka ci shi a ƙosai da alale.

Shi ya sa nake ganin gidajen rediyo da masu buga takardun wayar da kan manoma su daina dogaro da ma'anar farko da ƙamus ya bayar. Ga taki a ce ya ruɓe. Ga magani a faɗa a fili: kada a girbe, kada a ci, sai ƙarfin gubar ya tafi, kwana kaza. Kafin a buga, a ɗauki takardar a kai ta kasuwar Dambatta, a karanta wa manoma uku, a tambaye su abin da suka ji an ce su yi.