Ƙayar da ke idon Goggo

Bayan ruwan ambaliyar 2022 ya janye daga Injamena, aka kawo mana Goggo unguwarmu ta Butalbagar daga ƙauyensu na wajen Mongo. Yayar mahaifina ce. Ta sauko daga mota da mayafi lulluɓe har goshi, ga matsefata rataye a wuya da zare kamar laya. Kullum da hantsi sai ta zauna gindin darbejiya ta kira ƙanwata: "Zo, 'yar nan, cire mini ƙayar." Ƙayar kuwa gashin idonta ne. Fatar idon ta sama ta naɗe ciki, duk ƙiftawa sai gashin ya karci baƙin idon, hawaye na bin kumatu ba tare da kuka ba.

Amosanin ido ne tun na yarinta. Ƙwayar cutar ƙuda ke yawo da ita daga fuska zuwa fuska, haka hannu, haka haɓar zani. Ciwon ya tashi, ya kwanta, ya sake tashi, kowane zuwa ya bar tabo a cikin fatar, har tabon ya tattare ya jawo bakinta ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata kan kai wannan mataki har ninki huɗu na maza, kuma ban yi mamaki ba. Wa ke share kwantsar yara? Goggo ta yi renon nata da na kishiya a garin da tulu ɗaya na ruwa sai an yi tafiya kafin a same shi. Tsigewar ma ba magani ba ce, don gashin da ya karye kan fito gajere, ya fi na da tsini.

Da mahaifina ya kawo zancen asibiti, cewa ta yi, "Idon da Allah ya ba ni zan miƙa wa wuƙa?" Ta san wani dattijo da mai maganin kasuwa ya yi wa aikin yanar ido, bai sake ganin rana ba. Mun yi bayani har mun gaji. Wadda ta shawo kanta wata maƙwabciyarmu ce mai sayar da ƙosai, da aka taɓa yi wa aikin. Ta durƙusa gabanta ta ce, "Inna, taɓa ki ji." Goggo ta shafa fatar idon matar da yatsa, ta daɗe tana shafawa, sannan ta tambayi ranar zuwa.

Ma'aikacin jinya ne da aka horar kan ido ya yi aikin, aka bar ni na riƙe mata hannu. Ya yi allurar kashe zafi, nan ne kawai ta damƙe ni. Ya kifa fatar, ya tsaga ta ta ciki bisa tsawonta, ya sa zare ya ɗinke yadda bakin zai juyo waje. Kowane ido bai wuce kamar minti 20 ba. Tana salati, shi kuma yana tsokanarta da Larabcin Chadi. Washegari aka cire bandeji, aka haɗa ta da ƙwayar azitromaisin da man tetarasaikilin, zaren kuma sai bayan mako guda.

Bai ɓoye mana komai ba, abin da ya burge ni ke nan. Idon hagu hakiya ta riga ta rufe shi, aikin zai hana zafi amma ba zai dawo da gani ba. Na dama an cece shi. Ya kuma ce gashin kan iya sake juyawa, in ta ji alama ta dawo, kada ta tsige.

Tun 1993 Hukumar ta tsayar da matakai huɗu na yaƙar cutar: aikin fatar ido, maganin sha, wanke fuska, tsabtace muhalli. Gana ta fita daga jerin ƙasashen da cutar ta addaba a 2018, Mali a 2023. A ganina yankan shi ne mai sauƙin ciki. Ruwa da masai su ne jan aiki, don ƙudan nan a kan kashin mutum yake ƙyanƙyasa, kuma ko a Butalbagar ba kowane gida ke da famfo ba.

Kafin damina Goggo ta koma ƙauye. Ba a jima ba ta aiko direban motar Mongo da saƙo: a share ɗakin da ta kwana, kishiyarta da wata ƙawarta na nan tafe, kuma kada mai ƙosai ta yi nisa.