Tsakaninmu: Fuskokin "Pick Up"

Ku matso kusa, ƙawayena, tun shayin bai huce ba, yara kuma sun yi barci. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun ranar Laraba, kuma na san ku ma za ta taɓa ku, tunda dukanmu muna da yara a makaranta.

Autarmu, wadda ke shirin rubuta WAEC, ta dawo gida idanunta jajir. An yi musu gwaji, aka ce su bayyana ma'anar "Business picked up after the rains." Ita a saninta "pick up" ɗauka ne, sai ta rubuta cewa an kwashe kayan kasuwa bayan ruwan sama. Aka ja mata jan biro. Alhali abin da ake nufi shi ne ciniki ya farfaɗo bayan damina. Yarinyar nan tana da ƙwaƙwalwa, wallahi. Matsalar ita ce an koya mata kalma ɗaya da ma'ana ɗaya, aka rufe littafi.

Na zaunar da ita a kan tabarma, na ce, "Auta, mece ce ma'anar 'ci'?" Ta ce cin abinci. Na ce, "To wanda ya ci jarrabawa fa? Da wanda ya ci amana, ya ci bashi, ya ci sarauta, ya ci kasuwa?" Sai ta ɗago kai tana murmushi. Hatta Bargery, Baturen da ya fitar da babban ƙamus ɗin Hausa a 1934, sai da ya jera ma'anoni barkatai a ƙarƙashin wannan "ci" namu. To haka Turawa su ma suke da nasu. Sukan haɗa aikatau da wata 'yar ƙaramar kalma irin su "up" ko "off" ko "out", sai ma'ana ta sauya riga.

Asalin "pick up" dai ɗaukar abu ne daga ƙasa. Uwa ta ce wa ɗanta, "Pick up your shoes," wato kwashe takalmanka. Daga nan sai ya koma ɗauko mutum a mota. In Alhaji ya ce wa baƙonsa, "I will pick you up at the airport," yana nufin zai je filin jirgin Malam Aminu Kano ya taho da shi. Ita ma motar nan mai buɗaɗɗen baya da muke kira a-kori-kura, "pick-up" suke ce mata.

Hajiya, na ga kina gyaɗa kai, to ga wanda ya fi shafar mu. Ɗaga waya ma "pick up" ne. Mu a Najeriya mun saba yar da "up" ɗin, mu ce "He is not picking my call." A hira tsakaninmu an fahimta, amma a takardar jarrabawa ko wasiƙar neman aiki yana iya zama aibi, domin "pick" shi kaɗai ya fi karkata ga zaɓe ko tsinko abu, kamar tsinkar mangwaro a bishiya.

Wanda na fi so a cikinsu shi ne na koyon abu ba tare da shiga aji ba. Ɗan Sabo a Ibadan da ya iya Yarabanci a bakin kasuwa, ko ɗan zango a Kumasi da ya iya yaren Asante a wajen wasa, Bature zai ce "he picked it up." Ku duba yadda ya yi daidai da namu: mu ma mukan tambayi yaro, "A ina ka tsinto wannan hali?" Haka in an ce "She picked up a cold," mu sai mu ce ta kwaso mura. Rediyon Baba da ke kamo BBC a gajeren zango in an ja eriya, shi ma wannan kalmar ake yi masa. In kuwa kika ji "The police picked him up," to 'yan sanda sun yi awon gaba da shi. Marar lafiya da ya fara cin abinci, ƙarfinsa yana dawowa, "he is picking up," kamar dai kasuwar da ta kayar da Auta.

Ga wata kuma da ba zan faɗa a gaban yara ba. A bakin Turawa, namiji ya ce ya yi "pick up" ɗin mace a wurin shaƙatawa, yana iya nufin ya ja ta da zance da wata manufa. Don haka in za ki ce maigida ya ɗauko ki, ki ambaci wurin, ki ce daga asibiti ko daga tasha.

Ƙa'ida guda ce kawai za ku riƙe. In abin da aka ɗauka wakilin suna ne, tsakiya yake shiga: "pick it up," "pick her up." Ba a cewa "pick up it." In kuwa suna ne, ko tsakiya ko ƙarshe duk daidai ne.

Tun daren nan na saya wa Auta ɗan littafi, na ce duk inda ta ji irin wannan kalma ta rubuta jimlar gaba ɗaya, kada ta ciro ta ita kaɗai. Don Allah, ku ma ku yi wa naku haka. Yaron da ya san bambancin cin tuwo da cin amana, ba abin da zai gagare shi a "pick up", in dai an nuna masa hanya.