Benin: Maƙwabciyar da Ta Tuɓe Rigar Gurguzu Cikin Kwana Goma

In aka ce tsofaffin ƙasashen gurguzu, hankalin mai sauraron rediyo yakan tafi can Gabashin Turai, wajen Polan da Romaniya da Jamus ta Gabas, ko 'ya'yan Tarayyar Sobiyet da suka watse a 1991. Ba kowa ya san akwai guda a bayan gidanmu ba, wadda ta shekara 15 tana kiran sunan Markus da Lenin a ofis da bariki da makaranta. Ita ce Jamhuriyar Benin, wadda muka fi sani da sunan Kwatano, saboda motocin hannu da gwanjo da shinkafa 'yar waje.

Ƙasa ce siririya, kanta a bakin kogin Kwara, ƙafarta a teku. Mutanenta sun haura miliyan 13. Babban birni a takarda Porto-Novo ne, amma fadar shugaban ƙasa da tashar jiragen ruwa da kasuwar Dantokpa duk suna Kwatano. Ta yi iyaka da jihohinmu shida, daga Legas har Kebbi. Bahaushe ba baƙo ba ne a can. Tun kafin zuwan Turawa fataken goro da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja ta ƙasar Bargu suke ratsawa, su yada zango a Nikki da Parakou da Djougou, kuma har gobe akwai unguwar Zango a tsakiyar Kwatano da babban masallacinta.

Lokacin da Faransa ta ba ta mulkin kai a ranar 1 ga Agusta 1960, sunanta Dahome. Mutum uku suka raba ƙasar a tsakaninsu: Hubert Maga da arewa, Sourou-Migan Apithy da Porto-Novo, Justin Ahomadegbe da yankin Abomey. Duk lokacin da biyu suka haɗa kai suka kayar da na uku, sai su juya wa juna, soja kuma ya shigo rabon faɗa ya zauna. An yi juyin mulki a 1963 da 1965 da 1967 da 1969. Da abin ya ishi kowa, a 1970 aka ce su ukun su riƙa karɓa-karɓa, kowa shekara biyu. Maga ya yi nasa ya miƙa wa Ahomadegbe, shi kuwa wata biyar kawai ya samu. Ranar 26 ga Oktoba 1972 Manjo Mathieu Kerekou, ɗan arewa maso yamma, ya kwashe su duka ya tsare.

Kerekou bai zo da gurguzu a aljihu ba. Sai da ya shekara biyu a kan mulki, a ranar 30 ga Nuwamba 1974, ya tsaya a dandalin Goho da ke Abomey ya ce daga yau aƙidar Markus da Lenin ce alƙiblar ƙasa. Bayan shekara guda aka sauya suna zuwa Jamhuriyar Jama'ar Benin, aka kafa jam'iyya ɗaya tilo, PRPB, aka ɗaga koriyar tuta mai jan tauraro. Gwamnati ta karɓe bankuna da harkar sayar da man fetur da makarantun mishan. Aka tasar wa sarakunan gargajiya da bokaye da sunan yaƙi da mulkin danniya da camfi. Ma'aikaci in ya ɗauki waya, kafin gaisuwa sai ya fara da cewa a shirye yake domin juyin juya hali. A Janairun 1977 sojojin haya ƙarƙashin Bafaranshen nan Bob Denard suka sauka filin jirgin Kwatano don su kifar da shi, aka fatattake su cikin 'yan awoyi, abin ya ƙara masa kwarjini. Masu suka kuwa ana tura su kurkukun Segbana, wanda ba shi da nisa da iyakar Kebbi.

A ganina aƙidar ba ta wuce fatar baki ba. Ta yi masa amfani biyu: ta ba shi harshen da ba na kudu ba ne ba kuma na arewa ba, ta kuma janyo masa ɗalibai da 'yan ƙwadago masu zafin ra'ayi. Amma kuɗin ƙasar bai daina zama sefa ba, wadda ke ɗaure da baitulmalin Faransa, kuma abin da ke ciyar da gwamnati shi ne kuɗin kwastan na kayan da ake saukewa a Kwatano a sulale da su Najeriya. Shugaban da ke yaƙi da camfi yana da nasa malamin tsibbu, wani ɗan ƙasar Mali mai suna Mohamed Amadou Cisse, wanda ya kai har muƙamin minista, daga baya kotu ta ɗaure shi a kan kwashe kuɗin banki. Shi kansa Kerekou a 1980 ya je Libiya aka sanar ya musulunta da sunan Ahmed, bayan shekaru kuma ya zama Kirista mai zafin ibada. Mutanensa Hawainiya suke ce masa, bai kuwa taɓa ƙin sunan ba.

Abin da ya karya shi daga wajenmu ya faro. Farashin mai ya faɗi, Najeriya ta kori baƙi a 1983, gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki a 1984, ba a buɗe ba sai 1986. Kasuwar Kwatano ta yi sanyi. Bankunan gwamnati, da aka yi ta ba manya bashin da ba a biya, suka durƙushe a 1988, mutum ya je da littafin ajiyarsa a ce masa babu. Albashi ya tsaya wata da watanni. A shekarun nan ne sana'ar acaɓa, da suke kira zemijan, ta cika Kwatano, har da masu takardar makaranta a kan babur. A 1989 malamai da ɗalibai da ma'aikata suka shiga yajin aiki, shekarar karatu ta tafi a banza. Wani abin mamaki, waɗanda suka fi hura wutar yajin a ɓoye 'yan gurguzu ne na haƙiƙa, Jam'iyyar Kwaminis ta Dahome, waɗanda ke ganin Kerekou ɗan kwaikwayo ne kawai. Katangar Balin ta faɗi ranar 9 ga Nuwamba. Ranar 7 ga Disamba 1989 gwamnati ta sanar ta ajiye aƙidar Markus da Lenin, ta kuma yi alkawarin kiran taron ƙasa.

An buɗe taron ranar 19 ga Fabrairu 1990 a otal ɗin PLM Aledjo da ke Kwatano. Wakilai kusan 500: 'yan ƙwadago, lauyoyi, malaman jami'a, manoma, hafsoshin soja, shugabannin addinai, 'yan ƙasar da suka dawo daga gudun hijira, har da tsofaffin shugabanni irin su Maga da Ahomadegbe da Emile Zinsou. 'Yan Jam'iyyar Kwaminis suka ƙi zuwa, suka ce yaudara ce. Aka zaɓi babban limamin Katolika Isidore de Souza ya jagoranci zaman. Gidan rediyo yana watsa muhawarar kai tsaye, mai shago da direban tasi suna jin ana lissafa wa gwamnati laifuffukanta a gaban jama'a, maganar da a bara za ta kai mutum Segbana. Kerekou ya kira taron ne don ya ji shawara ya yi wa majalisar ministoci garambawul. Ranar 25 ga wata wakilan suka kaɗa ƙuri'a cewa ikon ƙasa yana hannunsu, abin da suka yanke dole a zartar. Juyin mulki ne aka yi wa soja da takarda da alƙalami, alhali bindigogi suna hannunsa, yaransa kuma suna zuga shi ya watse taron.

Ranar 28 ga wata Kerekou ya zo rufe taro ya ce ya amince da duk abin da aka yanke.

Me ya sa? Baitulmali babu kome, Faransa da masu ba da bashi sun nuna ba za su zuba kuɗi ba sai an gyara. Wata biyu kacal kafin nan duniya ta ga gawar Ceausescu na Romaniya da matarsa a talabijin, an harbe su ranar Kirsimeti, in kuwa gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka san abin yi. Amma babban dalili a wurina shi ne dabarar de Souza, wanda ya yi ta zirga-zirga tsakanin zauren taro da fadar shugaban. Ba a tsige Kerekou ba. An bar masa kujera da sunan shugaban ƙasa na shekara guda, aka ɗauke aikin gwamnati aka ba firaminista Nicephore Soglo, tsohon ma'aikacin Bankin Duniya. Daga baya aka yi wa Kerekou afuwa a kan duk abin da ya faru a zamaninsa. Waɗanda aka azabtar a kurkuku ba su ji daɗin wannan ba, kuma suna da gaskiya. Sai dai mai bindiga ba ya saukowa in ya san igiya ke jiransa a ƙasa. Haka aka yi a Polan a 1989: Janar Jaruzelski ya zauna shugaban ƙasa, ɗan adawa Tadeusz Mazowiecki ya karɓi gwamnati.

A Disamban 1990 jama'a suka amince da sabon tsarin mulki: wa'adi biyu na shekara biyar-biyar, ɗan takara kada ya gaza shekara 40 ko ya wuce 70, sharaɗin da ya sallami tsofaffin 'yan siyasar 1960 ba tare da an ambaci sunan kowa ba. A Maris 1991 Soglo ya kayar da Kerekou da kashi 67 cikin ɗari da ɗoriya. Arewa ta bi ɗanta, har aka far wa 'yan kudu a Parakou, amma ya miƙa mulki ya koma gida ya yi shiru.

Maƙwabta suka ɗauki salon. Nijar ta yi nata taron ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ƙarƙashin Andre Salifou, wanda ya kai ga zaɓen Mahamane Ousmane a 1993, Bare Mainasara ya kifar da shi a Janairun 1996. A Togo Eyadema ya bar 'yan taron suka gama surutu ya turo sojoji. A Kwango Barazabil, wadda ita ma 'yar gurguzu ce, Sassou Nguesso ya faɗi zaɓen 1992 ya dawo da yaƙi a 1997. Kerekou kuwa da ƙuri'a ya dawo. Karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta gasa wa talaka aya a hannu, 'yan siyasa suna ƙorafin Soglo ya cika gwamnati da danginsa, sai a 1996 Hawainiya ta ci zaɓe da kashi 52. Wata huɗu kafin nan tsohon ɗan gurguzu Kwasniewski ya kayar da Lech Walesa a Polan. Kerekou ya sake ci a 2001, a 2006 shekaru da wa'adi suka tare shi, ya sauka, Boni Yayi ya hau. Kerekou ya rasu a Oktoban 2015.

Sauran labarin na auduga ne. Manomin Damari ko Faskari da ke kai kayansa Funtuwa ya san wanda ke riƙe da taki da maganin feshi da injin gurza shi ke yanka farashi. Benin tana cikin manyan masu noman auduga a Afirka, akasari a arewa, wajen Banikoara da Kandi. Da aka fara sakin harkar daga hannun gwamnati bayan 1990, wani ɗan kasuwa mai suna Patrice Talon ya kama sayar da taki da magani, ya gina injinan gurza, a 2008 kuma masana'antun gurza na gwamnati suka faɗa hannunsa. Haka dukiyar gwamnati ta koma hannun 'yan tsiraru a Rasha zamanin Yeltsin, sai dai attajiran can ba su hau kujerar da kansu ba. Talon ya ɗauki nauyin kamfen ɗin Yayi, suka ɓata, ya gudu Faransa, aka zarge shi a 2012 da shirya sa wa shugaban guba, aka yafe masa, ya dawo ya ci zaɓen 2016 da alkawarin wa'adi ɗaya.

Ya yi aiki, ba a musu: tituna, kasuwanni, tashar jiragen ruwa, tara haraji. Amma da doka ya riƙa toshe ƙofofin da taron 1990 ya buɗe. A zaɓen majalisa na Afrilun 2019 jam'iyyu biyu kaɗai aka ba izinin takara, dukansu nasa ne. Mutane suka ƙaurace, ko kashi ɗaya cikin uku bai fito ba, aka yi harbi a Kwatano da Tchaourou, aka killace Yayi a gidansa na makonni. Talon ya sake tsayawa a 2021, kotu ta musamman ta ɗaure 'yar takara Reckya Madougou shekara 20, malamin shari'a Joel Aivo shekara 10. A 2023 aka bar jam'iyyar adawa ta Les Democrates ta shiga, ta samu kujera 28 cikin 109. A Nuwamban 2025 majalisa ta tsawaita wa'adin shugaban ƙasa zuwa shekara bakwai, ta kuma ƙirƙiro majalisar dattawa. Talon dai ya ce ba zai nemi wa'adi na uku ba, ya tsayar da ministan kuɗinsa Romuald Wadagni.

A arewacin Benin kuwa wata wuta ce ke ci, wadda mutanen Sabuwa da Ƙanƙara ba sa buƙatar a fassara musu. 'Yan bindiga masu alaƙa da ƙungiyar JNIM sun samu mafaka a gandun dajin W da Pendjari, a Afrilun 2025 gwamnati ta ce sun kashe sojoji 54 a rana guda. Gadar da ta haɗa Malanville da Gaya ta Nijar an rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, fatake suka koma tsallaka kogi a kwalekwale. Ranar 7 ga Disamba 2025 wasu sojoji ƙarƙashin Laftanar Kanar Pascal Tigri suka bayyana a talabijin ɗin gwamnati suka ce sun kifar da Talon, suna kafa hujja da taɓarɓarewar tsaro a arewa. Kafin dare aka murƙushe su, bayan da gwamnatin Benin ta nemi agajin Abuja, jiragen yaƙin Najeriya suka kai hari kan sansanin da suka fake a ciki.