Izom: daga sama ake tsare marmaro

Idan ka baro Suleja ka kama hanyar Minna, za ka ratsa Izom, a ƙaramar hukumar Gurara. Yawancin matafiya ba sa tsayawa sai don sayen doya, ko kuma suna sauri su kai inda Kogin Gurara ke faɗowa daga tsayin kimanin mita 30. Mai karatu, in ka bi nan, ɗaga kai ka dubi tsaunukan da ke gefen hanya. A gindinsu akwai ƙauyukan Gwari, kuma idan famfon burtsatse ya lalace, marmaro da rafi su ne madogara.

Abin mamaki, daga madatsar da ke saman wannan kogi, a jihar Kaduna, ake tura ruwa ta bututu zuwa madatsar Usuma domin Abuja ta sha.

Marmaro ruwan sama ne da ya nutse a kan tudu, ƙasa da tsakuwa suka tace shi, sannan ya ɓullo a ƙasa. Saboda haka duk abin da aka yi a samansa, a cikin randa yake ƙarewa. Buhunan gawayin da ke jere a bakin titi itatuwa ne da a da suke riƙe ruwa har ya shige ƙasa. In babu su, ruwan ya gangare da gudu ɗauke da laka, kafin watan Maris ido ya ƙafe. Haka bahaya a fili, da kashin shanu, da wanke tankin feshin ciyawa a bakin ruwa. Wannan na ƙarshe ya fi damuna, domin tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire guba.

Kada garau ɗin ruwa ya ruɗe ka. Ƙwayoyin taifot da na amai da gudawa ba sa sauya masa launi. Mu a kantin magani da farkon damina muke gane haka, lokacin da neman ORS da zinc na yara ke ƙaruwa.

Gyaran bai kai kuɗin haƙa burtsatse ba. Ana rufe idon da akwatin siminti, a fitar da bututu, yadda guga da ƙafa ba za su taɓa ruwan ba. A yi shinge, a haƙa lambatu a sama don kauce wa kwararar ruwan damina, masai kuma ya kasance ta gangare, aƙalla mita 30 daga idon. Tace ruwa da tsare wuraren ɗiba na cikin abubuwan da suka kawar da kurkunu, har aka tabbatar Najeriya ta rabu da shi a 2013, ba tare da wata allura ba.

Uwargida, in za a kai yara hutu ƙauye, a sa musu WaterGuard a jaka, a kuma hana su wanka a ruwan da ke kwance saboda tsargiya.