Akwatin da Ba Shi da Mai Gadi

A Ingila akwai wani wasa da ya faro a 1854, lokacin da James Perrott ya ajiye kwalba a tsaunukan Dartmoor don matafiya su bar katinsu. Yau har kan duwatsun da suka kutsa cikin teku ana ɓoye akwatuna, kowanne da hatimin roba da ɗan littafi. Ka bi kwatance, ka lalubo akwatin, ka buga hatiminsa a littafinka, naka a nasa, ka mayar.

Abin da ya burge ni, babu mai gadi. Mutum ɗaya ya sa hatimin a aljihu, na bayansa sun yi wahalar banza. Mu ma a rediyo haka muke, muna ajiye magana don wanda ba mu taɓa gani ba. Amana ce jarin.