Makon da kwamfutata ta ƙi tashi da sabon faifai

Litinin

Na sayo sabon faifan SSD mai girman gigabait 512, irin siririn nan na NVMe da ake soke shi a jikin allon kwamfuta a ɗaure da ƙusa guda. Tsohon faifan da laftof ɗin ya zo da shi mai juyawa ne, gigabait 500, yana zagayawa sau 5,400 a minti. Idan ka kunna shi da safe, sai ka haɗa shayi ka sha kafin ya gama shiri. Da yake akwai gurbin faifai biyu a cikin na'urar, na soka sabon na bar tsohon a wurinsa, sannan na sa manhajar kwafi ta juye komai sak. An ɗauke wuta ana tsakar aiki, amma batiri ya riƙe har ta rubuta cewa an kammala. Na sake kunnawa, ta tashi lafiya. Nauyin nan dai yana nan yadda yake, ashe daga tsohon take tashi.

Talata

Da na leƙa sashen kula da faifai na Windows, sai na tarar an kashe sabon, an rubuta cewa lambar shaidarsa ta yi karo da ta wani faifai. Kowane faifai yana da lambar da Windows ke gane shi da ita, kwafi sak kuwa har lambar yake ɗaukowa. Idan aka ce wa Windows ya buɗe shi, sai ya ba shi sabuwar lamba don raba gardama. Haka aka yi, fayiloli suka bayyana cas.

Da yamma na kwance bayan laftof na zare tsohon faifan. Na kunna. Shuɗin allo, da saƙon cewa akwai na'urar da ake buƙata amma ba a same ta ba, a ƙasa kuma lamba 0xc000000e.

Laraba

Na biya wurin wani mai gyara a kasuwa don sayen filash. Da na ba shi labari, ko kallon kwamfutar bai yi ba ya ce, "Malam, ai fomat kawai za a yi mata, a sa sabon Windows. Kawo ka dawo bayan la'asar." Na ce, "Maigida, to manhajojin aikina da lasisinsu fa?" Ya ɗaga kafaɗa. Ban ga laifinsa sosai ba, fomat aikin awa ɗaya ne kuma kuɗinsa a yanke yake, bincike kuwa ba wanda zai biya shi lokacinsa. Amma wanda ya yi kwafi tun farko, gudun fomat ɗin nan ya sa ya yi.

A gida na ari kwamfutar ƙanena na saukar da manhajar Microsoft mai haɗa filash na girka Windows. Tana son filash mai aƙalla gigabait 8, kuma duk abin da ke ciki za ta share. Data ta sha kashi. Na tashi laftof daga filash ɗin na zaɓi gyaran tashi na kai tsaye. Ya yi ta juyi, ƙarshe ya ce bai iya ba.

Alhamis

Yau na fahimci inda gizo ke saƙa. Kwamfutocin da ke amfani da tsarin UEFI ba daga babban ɓangaren Windows suke fara tashi ba. Akwai wani ɗan ƙaramin ɓangare a farkon faifai, yawanci megabait 100, an tsara shi da FAT32, ba ya ma bayyana a cikin jerin faifai na yau da kullum. A cikinsa akwai wata ajiya da ake kira BCD, wadda ke faɗa wa na'ura a wane faifai kuma a wane ɓangare Windows yake. Ba da harafin C take nuna wurin ba, da lambar shaidar nan take nunawa. Lambar sabon faifan ta sauya ranar Talata, ita kuwa BCD tana nan da tsohuwar. Kamar mutum ne ya tashi daga gida da kayansa duka, ko cokali bai bari ba, amma ɗan aike yana ta sallama a tsohuwar ƙofa.

Daga filash na buɗe baƙin allon umarni. Na rubuta diskpart, sannan list volume. A nan sai mutum ya natsu, domin haruffa kan sauya a wannan muhalli, Windows ɗina a D na same shi maimakon C. Na zaɓi ɗan ɓangaren FAT32 na ba shi harafin S, na fita, na rubuta bcdboot D:\Windows /s S: /f UEFI. Layi ɗaya ya amsa, cewa an ƙirƙiri fayilolin tashi. Da faifan na tsohon tsarin MBR ne, wanda bai wuce manyan ɓangarori huɗu ba kuma ba ya iya amfani da abin da ya haura terabait 2, da hanyar gyaran ta bambanta. Nawa GPT ne.

Na zare filash na kunna. Tambarin Windows ya fito, ɗigo-ɗigon nan suka fara zagayawa, har na fara hamdala. Sai ga wani shuɗin allon, wannan karon INACCESSIBLE BOOT DEVICE.

Juma'a

Bayan an sauko daga masallaci na koma kanta. Sabon saƙon ci gaba ne, ko da yake bai yi kama da shi ba. Na'ura ta gano inda Windows yake, shi Windows ɗin ne ya kasa karanta faifan da yake zaune a kai. Abu biyu aka fi zargi. Na farko saitin faifai a cikin BIOS, ko yana kan AHCI ko RAID, domin idan aka sauya shi daga wanda aka girka Windows da shi, wannan saƙon za a gani. Na duba, ba a taɓa shi ba. Na biyu direba, wato manhajar da Windows ke karanta faifai da ita. Windows da ya yi rayuwarsa kan faifan SATA irin tsohon nawa ba lalle ne ya ɗora direban NVMe tun farkon tashi ba, tunda bai taɓa buƙatarsa a lokacin ba.

Maganin ya ba ni dariya don sauƙinsa. Na bar ta ta kasa tashi har ta kai kanta shafin gyara, na shiga saitin tashi na danna 4, wato yanayin kariya. Ta shiga, da manyan gumakanta da baƙin bango. Ban taɓa komai ba, na sake kunnawa. Kafin in gyara zama ta kawo ni inda ake sa kalmar sirri.

Wanda faifansa ke kulle da BitLocker ya nemo mabuɗinsa mai lamba 48 ya rubuta a takarda tun kafin ya fara duk wannan. Sauyin faifai ko na BIOS kan sa a tambaye shi, kuma ba mai gyaran da zai ƙago masa.

Asabar

Ƙananan ayyuka. Windows ya riƙa nuna tsohon faifan a gigabait 465, sabon a 476, don haka akwai ɗan fili da ya rage a ƙarshe. Ɓangaren da Windows ke ajiye kayan gyara ya tare tsakani, ban ga ribar taɓa shi ba saboda wannan ɗan wuri. Na tabbatar TRIM yana aiki, shi ne ke sanar da SSD wuraren da aka share don kada ya yi nauyi da tafiya ta yi tafiya.

Ƙanena ya ce, "Yaya, ka ba ni tsohon mana in share in zuba finafinai." Na ce ya dakata sai wata mai zuwa. Duk mai shirin irin wannan aiki, da zarar kwafi ya ƙare ya kashe na'ura, ya zare tsohon faifai kafin kunnawar farko, kuma kada ya share shi sai sabon ya yi makonni yana tashi shi kaɗai.