Kafin Ka Ɗauki Alƙalami, Ara Musu Kunne



Masu bincike a jami'a suna da hanyoyi biyu: ta ƙidaya da ta hira. Ƙidaya za ta gaya maka mutum nawa suka sayi sabulu, hira kuwa ita ke tono dalilin da ya sa aka yanki rabin sanda aka bar guda. Ta biyun ce ta fi yi mini rana a rubutu, kuma tsakanin Maruta da kasuwar Sara na koye ta.

Zama a bakin shago ya nuna mini cewa mai miƙa kuɗi galibi ɗan aike ne. Wadda ta zaɓi magi da omo tana cikin gida. Wurin yaron farashi kawai za ka samu. Amma in ƙanwarka ta shiga ta zauna da uwar, za ta jiyo lissafin kuɗin cefane, da bashin mai shago, da dalilin sayen ƙulli-ƙulli kullum alhali an san ya fi tsada.

Haka ɗalibai. Tambayi ɗan makarantar kwana a Birnin Kudu, "Yaya karatu?" Amsar ba ta wuce "Alhamdu lillahi", don haka aka rene mu. Ni cewa nake yi, "Ƙanena, ba ni labarin jiya, daga asuba har kwanciya." Nan layin ruwa ke fitowa, da garin kwaki na ƙasan akwati, da tambayar da ya haɗiye a aji don tsoron a yi wa Turancinsa dariya.

Hanyar tsohuwa ce. Tsakanin 1949 da 1950 Mary Smith ta zauna da wata dattijuwa a ƙasar Zazzau tana rubuta abin da take faɗa, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo. Bakin mace ɗaya ne, amma har yau ana komawa gare shi don sanin aure, kishi da ƙawance na wancan zamani.

In za ka gwada, fara da neman izini, ka kuma sakaya suna, domin hira amana ce. Rubuta magana yadda mai ita ya faɗe ta, kar ka yi mata kwalliya. In ya yi shiru, ƙyale shi, babbar magana na tafe. Ka yi ta jin mutane har zancen ya fara maimaita kansa, sannan ka tattara abin da ya yi ta dawowa.

Littattafanmu sun cika da attajiran birni da motocinsu, alhali maƙwabciyarmu mai ƙosai da ɗanta ɗan aji uku ba su da wanda ya rubuta su. A wannan makon kowa ya samu mutum ɗaya ya saurare shi rabin awa, mu ga abin da za mu kawo.

Allah ya yi mana jagora.